Da an gina tashar kwal ta Ekumfi, wa zai yi aikin ruwanta?

Alhaji Tanko Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun la'asar babu wuta a layinmu, teloli da masu injin niƙa duk sun naɗe hannu. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne tashar wutar lantarki mai amfani da kwal ta Ekumfi Aboano, a gaɓar tekunmu na Ghana, da aka soke a 2016. Megawat 700 fa, tsakanin VRA, hukumar samar da wuta ta gwamnati, da kamfanin Shenzhen Energy na ƙasar Sin. Da an bari an gina ta, da yanzu ta daɗe tana ba da wuta, kuma da yaranmu masu walda da birkiloli da masu lanƙwasa rodi sun samu aikin shekaru. An ce min aikin ruwan sanyaya injin kaɗai babban gini ne mai zaman kansa. Ina injiniyoyin gidan nan? Ku fito ku gaya mana gaskiya.

Bashiru Magazin: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni abin da ban gane ba, tashar da ke ƙona kwal me ya haɗa ta da ruwan sanyi? Ba zafi ake nema ba?

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Bashiru, tambayarka ita ce tushen maganar. Ana niƙa kwal ya zama gari, a hura shi cikin tukunya ya kama da wuta, ruwa ya zama tururi mai zafin da ya haura digiri 500. Tururin ya bugi fukafukan inji ya juya su, su kuma su juya janareta. Idan ya fito ta ɗaya gefen ƙarfinsa ya ƙare, amma ba a zubar da shi, domin ruwa ne da aka tace da tsada. Dole ya koma ruwa kafin famfo ya iya mayar da shi tukunya. Wurin da ake yin haka shi ne kwandensa: wani ƙaton akwatin ƙarfe mai dubban siraran bututu, ruwan sanyi na gudu ta cikinsu, tururi na zagaye su ta waje. Ruwan biyu ba sa haɗuwa sam. Kai da kake Magazin, unguwar masu gyaran mota, lagireton mota ne, sai dai girmansa ya kai gida.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a tashar kwal mai kyau, kusan kashi 40 cikin 100 na zafin ne kawai ke zama wuta. Kaɗan ya fita ta bututun hayaƙi, mafi yawan sauran kuma ruwan sanyaya ne ke kwashe shi.

Bashiru Magazin: To kamar ruwa nawa ke nan, Yaya Injiniya?

Injiniya Sani: Mu yi lissafi a sauƙaƙe. Tashar megawat 700 za ta zubar da zafin da ya kai kimanin megawat 800. In an yarda ruwan ya ƙaru da digiri 8 kawai tsakanin shigarsa da fitarsa, ana buƙatar kusan lita dubu 25 a kowace daƙiƙa. Ba a minti ba, a daƙiƙa. Shi ya sa aka nufi bakin teku da ita, ga kuma kwal ɗin da za a riƙa kawowa ta jirgin ruwa daga Afirka ta Kudu.

Alhaji Tanko Aboabo: To ka ji. Bututun da zai ɗauki wannan ruwa ai mutane ne za su haƙa masa rami su binne shi. Abin da nake faɗa ke nan.

Baba Musa Birkila: Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min, ni ina faɗa masa. Alhaji, na yi irin wannan aiki a wata tashar gas da ke bakin teku, kuma ruwan sanyaya na gas da na kwal duk gini ɗaya ne. Aiki akwai shi, ban musa ba. Amma bari in gaya muku yadda yake.

Ɗakin famfo shi ne uwar aikin. Ƙasansa yana ƙasa da tsayin teku, don ruwa ya gangaro da kansa. Kafin a haƙa, sai an kafa faifan ƙarfe a jere an zagaye wurin, a buga su cikin ƙasa da babban inji, sannan a fara kwashe yashi. Ruwa na tsattsafowa ta ko'ina. Famfunan tsotse ruwa ba sa mutuwa dare da rana, kuma akwai wanda aikinsa kawai ya zauna kusa da janaretansu. In suka tsaya, kafin ka ankara ruwa ya kai maka gwiwa, kuma ƙasan ramin na iya kumbura ya fashe daga ƙasa. Kana ciki kana ɗaure rodi, kana jin teku na dukan ƙarfen nan a bayan kanka.

Sai maganar kankare. A gidajenmu na Zango mutum zai ɗora rodi kusan jikin katako ya zuba, ya shekara ashirin lafiya. A ruwan gishiri ba haka ba ne. Gishiri na ratsa kankare a hankali har ya tarar da rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa ake sa 'yan ƙananan bulo tsakanin rodi da katako, don a samu kauri kamar yatsu uku ko huɗu. Ba a taɓa yashin bakin teku. Ba a ƙara ruwa a motar kankare don ya yi saurin zuba, ko da direba ya roƙe ka. A sa injin girgiza ya shiga kowane lungu, bayan an zuba a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafi. Kowane zubi ana ɗibar samfuri a ƙananan akwatuna, a matse su a inji ranar bakwai da ranar ashirin da takwas. Na taɓa ganin an fasa bango guda saboda samfurinsa bai kai ba, kuma ban ga laifin wanda ya sa a fasa ba.

Malam Habibu Asawase: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan ilimi ne da ba a samu a littafi.

Injiniya Sani: Baba ya taɓo inda rayuka ke salwanta. In tasha ba ta kusa da teku ko babban kogi, hasumiya ake ginawa, irin masu faɗin gindi da ƙugu a tsuke da kuke gani a hotuna. Farin abin da ke fita ta samanta ba hayaƙi ba ne, tururin ruwa ne. Ana fesa ruwan zafi a cikinta, iska ta shiga ta ƙasa ta haura, kaɗan daga ruwan ya tashi sama, sauran ya huce ya taru a kwarmin ƙasa a sake amfani da shi. Bangonta siriri ne ƙwarai idan aka kwatanta da tsayinta, kuma zobe-zobe ake zuba shi. Dandamalin da ma'aikata ke tsayawa ba daga ƙasa yake tasowa ba, a jikin zoben da aka zuba jiya yake rataye.

Ranar 27 ga Afrilun 1978, a Willow Island da ke jihar West Virginia ta Amurka, ana gina irin wannan hasumiya a wata tashar kwal. Kankaren da aka zuba jiya bai yi ƙarfin ɗaukar nauyi ba. Ana jan guga ta kankare zuwa sama, zoben ya ɓalle, dandamalin ya bi shi yana warwarewa zagaye. Mutum 51 ne a kai, babu wanda ya tsira. Shekara 38 bayan haka, ranar 24 ga Nuwamban 2016, aka maimaita a tashar Fengcheng da ke lardin Jiangxi na ƙasar Sin. Ana gaggawar cika wa'adi, ga sanyi ya hana kankare kamawa da wuri, aka cire allunan zubi tun bai yi ƙarfi ba. Mutum fiye da 70 suka mutu.

Malam Habibu Asawase: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Musa Birkila: Shi ya sa nake gaya wa yara, kankare ba ya jin umarnin foman. In an ce ka hau, ka tambaya ko an gwada na jiya. Wanda ya kore ka saboda wannan tambaya ya taimake ka.

Alhaji Tanko Aboabo: Allah ya kiyaye. Amma Injiniya, haɗari ai a kowane gini akwai shi. Ko madatsar ruwan Akosombo da muke alfahari da ita tun 1965 ba a gina ta a kan katifa ba. Kuma kai da kanka ka ce Ekumfi bakin teku ne, ba ruwanta da doguwar hasumiya.

Hajiya Rabi Mai Kifi: To a nan nake so in sa baki. Sannunku. Alhaji, ka ce bakin teku ne kamar tekun ba ta da masu ita. Kifin da nake sayarwa a kasuwa daga wannan gaɓar yake zuwa, ta hannun matan da ke ƙyafe shi a ƙauyukan Fante su kawo Mankessim. Mazansu na da kwalekwale, su suna da murhu, mu muna da tebur, ga masu mota da 'yan dako. Injiniya, ɗana, ka gaya min tsakani da Allah, injin da zai zuƙi lita dubu 25 a daƙiƙa, ruwa zalla zai zuƙa?

Injiniya Sani: A'a Hajiya, ba ruwa zalla ba. A bakin mashigar akwai shingen ƙarfe mai tare itace da leda da tsohuwar raga, bayansa akwai rariya mai juyawa da ake wanke ta da ruwa mai ƙarfi. Babban kifi na iya kaucewa in an faɗaɗa bakin yadda ruwan zai shiga a hankali. A Amurka ma'aunin da aka fi ambata shi ne kada saurin ya wuce kimanin santimita 15 a daƙiƙa. Amma ƙwan kifi da 'ya'yansa da ido ba ya gani sosai suna wucewa ta rariyar, su bi famfo, su bi zafi, da yawa ba sa fita da rai. Ga kilorin da ake sawa don kada ƙumba da gansakuka su toshe bututu. Ga ruwan da ke komawa teku da ɗumi. Ƙa'idar Bankin Duniya ita ce kada ƙarin zafin ya wuce digiri 3 a iyakar wurin da ruwan ke gauraya, shi ya sa ake kai bututun fitarwa can cikin teku, a yi masa baki da yawa, kuma nesa da mashiga don kada tasha ta sake shan ruwanta mai zafi. Duk wannan kuɗi ne, kuma a nan masu son rage kashe kuɗi suka fi yanka, tunda a ƙarƙashin ruwa yake.

Hajiya Rabi Mai Kifi: Ka ji ko Alhaji. Dama kifin ya ragu, har gwamnati na rufe kamun teku na wani lokaci a shekara don ya hayayyafa. Yaran da za su yi gini za su gama su tafi, mu da tekun za mu zauna.

Malam Habibu Asawase: Abin da Hajiya ke tsoro ya faru a Senegal. An gina tashar kwal ta Sendou mai megawat 125 a Bargny, dab da inda mata ke sarrafa kifi, kuma sun daɗe suna kokawa. A Kenya kuma kotun muhalli ta soke lasisin tashar Lamu a 2019 saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba. Mu a nan Chibeze Ezekiel da matasan da ke tare da shi ne suka bi ƙauyukan Ekumfi suna bayani ga sarakuna da mata da masunta, har aka ba shi kyautar Goldman ta kare muhalli a 2020.

Alhaji Tanko Aboabo: Malam, kyauta ba ta kunna injin niƙa. Ni ba maƙiyin masunta ba ne, Hajiya ta san ni. Amma ku amsa min wannan. Tashoshin gas na Aboadze da Kpone ba a bakin teku suke ba? Wasunsu ba ruwan teku suke sha ba? Me ya sa su aka yarda, ta kwal aka hana?

Injiniya Sani: Tambaya ce mai nauyi, ranka ya daɗe. Gaskiya ne akwai masu shan ruwan teku a cikinsu. Bambancin shi ne a tashar gas mai zagaye biyu, wato mai injin gas haɗe da injin tururi, kusan kashi biyu cikin uku na wutar daga injin gas yake fitowa kai tsaye, shi kuwa ba ya buƙatar kwandensa. Kashi ɗaya ne kawai ke bi ta tururi. Ita kuwa ta kwal duk wutarta ta tururi ce, saboda haka a kan megawat ɗaya ruwan da take nema ya ninka. Sannan gas ba shi da toka. Kwal na barin tudun toka da filin tara kwal, in damina ta sauka ruwan da ya wanke su dole a tare shi a tace, in ba haka ba ya gangara inda Hajiya take tsoro.

Alhaji Tanko Aboabo: Shi gas ɗin amana gare shi? Kun manta 2012 da anka ta jirgi ta fasa bututun da ke kawo gas daga Najeriya a wajen Lome? Daga nan aka shiga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, shekaru muna kwana a duhu. Kwal kuwa ka tara shi a fili na watanni, babu wanda zai rufe maka famfo.

Injiniya Sani: Wannan hujjar taka tana da ƙarfi, ba zan rushe ta ba. Ajiyar makamashi a gida abu ne mai daraja. Sai dai kwal ɗin ma da dala za a saye shi, kuma matsalarmu ta yau ta fi karkata ga bashin da ake bin ɓangaren wuta da kuɗin sayen mai da gas da tsofaffin layuka, ba ƙarancin injina ba.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum, ni baƙonku ne a Sawaba, ina bin maganar tun ɗazu. Mu a Nijar muna da tashar kwal tun 1981, ta SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin. Inji biyu ne, kowanne bai kai megawat 19 ba, suna ba Agadas da Arlit da ma'adinan yuraniyom wuta. Kwal ɗin a wurin ake haƙo shi, ruwa kuma daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. A wurinmu kowace lita da tasha ta sha, makiyayi na lissafinta. Manyan tashoshi a busasshiyar ƙasa yaya suke yi?

Injiniya Sani: Barka da zuwa ɗan'uwa. Afirka ta Kudu ce gwanar wannan. Hasumiyar ruwa da na faɗa ɗazu tana ƙone kimanin lita 2 a kan kowane yunit na wuta, ruwan da ba zai dawo ba. Su da suka ga kwal ɗinsu na inda ruwa ya yi ƙaranci, sai suka koma sanyaya da iska. A Matimba da ke Lephalale, mai kusan megawat 4,000, tururi na bi ta bututu masu fiffike da aka ɗora a kan dogayen ginshiƙai, manyan fankoki na hura iska daga ƙasa. Medupi ma haka. Kendal kuma tana da hasumiya amma busasshiya, ruwan na zagayawa a rufe. Ruwan da suke sha ya ragu ƙwarai. Kuɗin gini ya fi yawa, fankokin na cin wani ɓangare na wutar, kuma ranar da aka fi zafi, ranar da kowa ke neman wuta, ranar ce ƙarfin tashar ke raguwa.

Bashiru Magazin: To ita tashar da aka kawo mana Anwomaso a nan Kumasi fa? Ban ga teku ba, ban ga hasumiya ba.

Injiniya Sani: Injinan gas ne zalla da aka ɗauko daga Aboadze, aka buɗe a 2024. Babu tururi, babu kwandensa, shi ya sa ta iya zama a Kumasi.

Malam Habibu Asawase: Kuma Alhaji, ko yau aka ce a dawo da Ekumfi, wa zai ba da kuɗin? Tun Satumban 2021 shugaban Sin ya faɗa a taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sun daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje.

Alhaji Tanko Aboabo: Su suna ginawa a gidansu, mu an ce kada mu yi. Wannan bai kwanta min ba kuma ba zai kwanta ba. Amma na ji bayanin ruwan, kuma na yarda Hajiya tana da haƙƙi.

Usman Mai Walda: Ku yi haƙuri iyayena, ni tun farko maganar Alhaji ta aikin yara ce ta tsaya min. Ko an gina, mu ne za mu yi aikin? Na je neman aiki a irin wannan wuri da shekaruna a sana'a, aka ce in kawo takardar gwaji. Ba ni da ita. Aka sa ni ɗaukar waya da goge ƙarfe, ina kallon waɗanda aka kawo daga waje suna walda bututu. Abin ya yi min ciwo, amma da na ga hoton da ake ɗaukar walda da shi don duba cikinta, na gane ba raini ba ne kawai. Ƙaramin rami ɗaya a ciki, a yanke a sake. Bututun kwandensa na ruwan teku ma taitaniyom ne, saboda gishiri na cinye sauran ƙarfe, kuma waldarsa sai da iskar agon, iska ta waje ba ta taɓa shi yana da zafi.

Baba Musa Birkila: Gaskiya ka faɗa, ɗana. Mu ma a kankare, wanda ya iya karanta zane shi ne ya zama shugaba, mu da muka fi shi hannu muka zauna a ƙarƙashinsa. Kuma manyan bututun ruwan teku da yawa yanzu ba ƙarfe ba ne, na roba ne mai kauri ko na zaren gilashi, haɗa su sana'a ce daban da babu mai koyar da ita a Zango.

Injiniya Sani: Wannan ce maganar da ya kamata mu riƙe. Aikin ruwan sanyaya bai mutu da Ekumfi ba. Duk tashar gas da za a ƙara wa injin tururi tana buƙatarsa. In maganar nukiliya ta tabbata, an riga an zaɓi Nsuban a yankin Yamma, da Obotan a yankin Tsakiya a matsayin madadi, duka a gaɓar teku, kuma ita ta fi kwal ma shan ruwa. A can kuwa ba a ko kallon wanda ba shi da takarda.

Hajiya Rabi Mai Kifi: To in lokacin ya zo, tambayata tana nan, ba ta canja ba. A tambayi masu kwalekwale kafin a zana inda bututu zai bi, ba bayan an binne shi ba.

Bashiru Magazin: Yaya Usman, wace takarda ce suka nema? Ina da ta NVTI, cibiyar koyar da sana'a ta ƙasa.

Usman Mai Walda: Ita tana da amfani, ka riƙe ta, amma ba ita suke nufi ba. Gwajin bututu ne da ake kira 6G. Ana kafa bututu a karkace, digiri 45, ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi, ta ƙasa da gefe da sama duk a haɗi ɗaya. Zubin farko da agon, cikon da sanda. Sannan a ɗauki hotonsa ko a yanka a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Kuma takardar ba ta har abada ba ce, in ka yi wata shida ba ka yi irin waldar ba sai an sake gwada ka. Na samo guntayen bututu masu inci shida a shagona, ina gwadawa bayan sallar isha'i in akwai wuta. Abin da ke kashe ni kuɗin iskar agon ne.

Alhaji Tanko Aboabo: Usman, ku nawa ne masu son koyo? Ka rubuta sunayenku ka kawo min shago gobe bayan azahar. Tulun agon na farko ni zan saya. Injiniya, kai kuma ka binciko mana inda ake yin gwajin a Tema ko Takoradi da abin da ake biya, kada yara su je su faɗa hannun 'yan damfara.

Injiniya Sani: In sha Allah, Alhaji. Usman, kafin nan kada ku jefar da abin da kuka yi. Ku yanka kowane haɗi gida huɗu ku ajiye min, ina so in ga cikin zubin farko da idona.